Lafiyar Iyali: Cutar Egzema da Darasin Ƙasar Jazira

 

Cikin tambayoyin da iyaye mata suka fi aiko mana, akwai wadda kullum kamanninta ɗaya ne. Yaro yana susa dare da rana, an yi masa wanka da saiwa, an shafa man kanti iri-iri, abin ya lafa mako biyu ya dawo. Kaka ta ce ƙazanta ce, maƙwabciya ta janye ƴaƴanta, maigida ya gaji da sayen magani, uwa kuwa ta rasa barci ta kuma ɗauki laifin da ba nata ba. Sau da yawa abin da ake kwatanta mana shi ne ciwon da likitoci ke kira egzema, Larabawa su ce akzima. Wasu Hausawa kan ce masa kirci, sai dai kalmar kirci tana ɗaukar cututtukan fata da dama, har da na dabbobi, don haka za mu riƙe sunan likitoci domin kauce wa ruɗani.

Don amsa wannan tambaya za mu kai masu karatu gabas, zuwa ƙauyukan ƴan'uwanmu Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Dalilinmu biyu ne. Na farko, duk abin da ke tayar da wannan ciwo ya taru a can wuri ɗaya. Na biyu, ƙasar noman wurin ita kanta tana koya wa mai lura yadda fata take.

Ƴan'uwanmu na hanyar Hajji

Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka nufi gabas, har suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu wajen 1906. Garin da ke kudu da Sannar yana amsa sunansa har yau, wato Mai Wurno. Tun kafin su, da kuma bayansu, alhazai masu tafiya Makka a ƙasa suna tsayawa a wannan yanki don neman guzuri, da yawa kuma suka zauna suka hayayyafa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, wanda ya kai girman sama da hekta dubu 800 bayan an ƙara masa yankin Manaƙil, sai hannun Bahaushe ya shiga tsinkar auduga, noman gyaɗa, dawa da alkama. Wasu suka zauna a ƙananan matsugunan ma'aikata da ake kira kambo, wasu suka bi kogi ta Sinja har Rusairis da Damazin suna su da noman fadama.

To, mu dubi rayuwar fatar mutum a wannan wuri. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa ce mai bushewa, ƴar'uwar hunturunmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce awo 40, gumi na zuba yana bushewa a jiki ya bar gishiri. Kafin damina ga guguwar ƙura da suke kira habub. Ga ƙaiƙayin dawa a lokacin sussuka, ga maganin feshi a gonar auduga, ga hannu da ƙafa cikin ruwan tur'a, wato magudanar ban-ruwa, tun safe har yamma. Wanda ya san Maraɗi ko Katsina a watan Janairu ya san rabin wannan labari.

Sa'an nan ga ƙasar. Ƙasar Jazira baƙar laka ce. Idan tana da laima takan haɗe ta riƙe ruwa, shi ya sa magudanan da aka haƙa a cikinta suke ɗaukar ruwa mai nisa ba tare da siminti ba. Idan kuwa ta bushe sai ta dare, ta yi tsaga mai zurfi da hannu zai shiga. Manomin wurin ba ya shayar da gonarsa sau ɗaya ya ce ya gama; kusan kowane mako biyu sai ya buɗe wa ruwa hanya, har amfani ya nuna. Duk abin da za mu faɗa a kan egzema yana cikin wannan misali.

Abin da ke faruwa a cikin fata

Saman fatar ɗan Adam kamar ginin tubali ne: ƙwayoyin halitta su ne tubalan, wani irin maiƙo kuma shi ne yaɓen da ya haɗa su. Aikin wannan gini biyu ne, ya tsare ruwan jiki kada ya fita, ya kuma tare ƙura, sabulu da ƙwayoyin cuta kada su shiga. Ga mai egzema, yaɓen nan ba shi da ƙarfi tun asali. Ruwa na tsiyayewa, fata ta bushe ta tsattsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Garkuwar jikin mai wannan ciwo tana da saurin fushi, sai ta far wa abin da ya shigo ko da ba mai cutarwa ba ne. Daga nan kumburi da ƙaiƙayi ke tasowa. Yaro ya sosa, farce ya ƙara faɗaɗa tsagar, ƙaiƙayi ya ƙaru, ya sake sosawa. Haka abin ke zagayawa.

Akwai gado a cikin lamarin. A 2006 masu bincike a jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotlan suka nuna cewa naƙasa a ƙwayar gado mai sarrafa wani sinadari da ake kira filagirin tana da alaƙa mai ƙarfi da egzema. Irin wannan naƙasa ta fi yawa ga Turawa, ba ta cika samuwa ga mutanen Afirka ba, amma raunin ginin fatar yana nan ta wasu hanyoyi. Shi ya sa za a ga a gida ɗaya wani yana da fuka, wani yana da yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, wani kuma egzema: dangin juna ne. Ciwon yakan fara ne kafin yaro ya cika shekara 5, sau da yawa tun cikin shekarar farko, kuma a wasu ƙasashe yana taɓa kusan yaro ɗaya cikin biyar. Da yawa yana yi musu sauƙi sosai in sun girma, wasu kuma ya bi su har tsufa.

Abubuwa uku muke roƙon kowane gida ya riƙe. Egzema ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko da an haɗa shimfiɗa ko ƙwarya. Ba ƙazanta ke kawo ta ba, hasali ma yawan dirza da sabulu ƙara ta yake yi. Kuma ba nonon uwa ne ya ɓaci ba. Uwar da ta yaye jariri saboda ƙurajen kumatu ta raba shi da abincinsa mafi kyau a banza.

Yadda take bayyana a baƙar fata

Littattafan likitanci da yawa an rubuta su ne ana kallon farar fata, sai su ce wurin yakan yi ja. A jikinmu ba haka abin ya cika zama ba. Wurin yakan yi duhu fiye da sauran jiki, ko ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gindin gashi kamar fatar kazar da aka fige. Ga jariri an fi gani a kumatu, goshi, da bayan hannu da ƙafa, wurin ƙunzugu kuwa yakan tsira. Ga yaro mai tafiya yakan koma lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu, ko da yake a yaranmu yakan tsaya a kan gwiwar ma ta waje. Ga babba, musamman mai wanki, mai gini ko mai aikin ruwa, hannu ne ke shan wahala.

Idan susa ta daɗe, fata takan yi kauri da duhu, layukanta su fito kamar tsohuwar jaka. Bayan wuri ya warke yakan bar tabo mai duhu ko mai haske. Wannan tabo yana firgita iyaye, wasu har su fara raɗe-raɗin kuturta. Launin yakan dawo da kansa cikin watanni in an daina susa. Tabon kuturta kuwa alamarsa ita ce rashin jin taɓi a wurin, wannan kam a kai wa likita ba da jinkiri ba. Babbar alamar egzema ita ce ƙaiƙayi. In babu ƙaiƙayi, da wuya ita ce.

Kama da wane ba ta wane

Kuskuren da ya fi cin kuɗi da lafiya shi ne a yi maganin wani ciwo da sunan wani.

Na farko ƙazuwa, wadda mutanen Sudan ke kira jarab. Wani ƙanƙanin ƙwaro ne ke haƙa rami a fata. Ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana son tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da al'aura, kuma tana yaɗuwa. Ga tambayar da ke raba gardama: mutum nawa ne ke susa a gidan? In yaro ɗaya ne shekara da shekaru, a yi zaton egzema. In cikin wata guda mutum huɗu sun kama, a yi zaton ƙazuwa. Wannan tambaya ta ƙara nauyi a Jazira tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023. Mutanen Khartum sun kwararo Wad Madani, sa'an nan a Disamban wannan shekara garin ya faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa, jama'a suka sake watsewa zuwa Sannar da Gadarif da sauran wurare, kafin sojoji su karɓe shi a Janairun 2025. Duk inda aka cunkushe a makaranta ko ɗaki ɗaya, ga ƙarancin ruwa, ƙazuwa takan sami kasuwa. Haka take yi a makarantun allo da na kwana a ƙasashenmu. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Maganinta man permetirin ne, ko benzil benzowat, ko man farar wuta, kuma sharaɗinsa a yi wa duk ƴan gida rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙaiƙayin kan ɗan jima bayan ƙwaron ya mutu.

Na biyu makero da ƙyasbi, waɗanda ƙwayoyin cuta dangin fumfuna ke kawowa. Makero yakan yi zobe mai tudu a gefe, a kai kuma ya cinye gashi. Ƙyasbi tabo ne mai ɗan gari-gari a wuya, ƙirji da baya, ba shi da ƙaiƙayi sosai. A Najeriya mutane da yawa ƙyasbi suke nufi in sun ce egzema, har mai kantin magani ya miƙo abin da bai dace ba. Maganin egzema in an shafa wa makero ƙara masa faɗi yake yi.

Na uku, ƙaiƙayin da ke tashi jim kaɗan bayan an fito daga tur'a ko tafki. Wannan kan zama shaidar shigar tsutsar tsargiya, cutar da ta daɗe tana addabar Jazira, har ta kasance cikin dalilan kafa shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979. Ƙurajen kan wuce cikin kwanaki, tsutsar kuwa ta zauna, sai daga baya a ga jini a fitsari ko bayan gida.

Na huɗu ya shafi masu zama ta wajen kogunan Dindir da Rahad da ƙasar Gadarif, inda ake fama da zazzaɓin kala'azar. Yaro da aka yi wa maganin wannan zazzaɓi yakan fito da ƙuraje a kewayen baki da fuska cikin watannin da suka biyo baya. A Sudan wannan ya zama ruwan dare ga waɗanda suka warke. Wurin da aka yi masa magani can za a mayar da shi.

Ban-ruwan fata: kulawar kullum

In an tabbatar egzema ce, to kashi mafi girma na magani yana hannun uwa, kuma ba shi da tsada.

Wanka sau ɗaya a yini ya isa, da ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 5 zuwa 10. Ruwan zafi yana da daɗi a lokacin, amma yana narkar da maiƙon fata. A ajiye soso. A rage sabulu, a tsayar da shi ga hammata, matsematsi da ƙafa. Sabulun wanki, sabulu mai ƙamshi, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a bokiti duk suna ƙara bushewa. Sabulun salo ma, duk da albarkarsa, yana da kaifin toka.

Da an fito, a dangwala tawul a hankali, kada a goge, sa'an nan a shafa mai tun jiki na da laima. Mai ba ya ba fata ruwa, rufe ruwan da ke ciki yake yi, saboda haka shafa shi a busasshen jiki rabin aiki ne. Basilin fari marar turare da man kaɗanya tsantsa suna cikin mafi dacewa, kuma suna kusa da hannun talaka. A shafa aƙalla sau biyu a yini, duk jiki, ana bin kwanciyar gashi. Yaron da ciwon ya mamaye jikinsa yana iya cinye giram 250 ko fiye a mako, kada a ga kamar ɓarna ce. A ɗebo da cokali mai tsabta, kada a riƙa tsoma yatsa cikin gwangwani. Mafi muhimmanci, a ci gaba ko bayan fata ta yi kyau. Manomin da ya toshe ruwa don ya ga gona ta yi kore, bayan mako uku zai ga tsaga.

Game da man zaitun, mun san matsayinsa a gidajenmu, kuma a abinci ba mu da ta cewa sai yabo. Sai dai gwajin da aka yi a Shefil ta Ingila, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna yawan shafa shi yana raunana saman fata. Don haka ga jariri mai egzema a zaɓi basilin ko man kaɗanya.

Gargaɗi ɗaya ga masu girki: tufafi da zanen gado da suka sha basilin suna saurin kama wuta. A yi nesa da murhu, fitila da kaskon turare, a kuma riƙa wanke su akai-akai.

Tufafi su zama na auduga, masu sakewa. Abin mamaki ne a ce ƙasar da ta ciyar da masaƙun Ingila da auduga, yaranta na yawo cikin rigunan roba na gwanjo masu riƙe gumi, kuma haka abin yake a kasuwanninmu. Rigar sanyi mai gashi kada ta taɓa fata kai tsaye. A ɗauraye wanki sosai. A yanke wa yaro farce. In ƙaiƙayi ya taso, tsumma mai sanyi a kan wurin ya fi tsawa da duka amfani, domin yaron da ake ce wa daina susa ba da gangan yake yi ba. Mai aikin gona ko feshi ya ɗauraye jiki ya sake tufafi da zarar ya dawo. Mai gini ya sani siminti na da sinadarin da ke ƙona hannu ya kuma sa masa borin fata na dindindin, safar hannu ta fi magani araha.

Alwala ma ta shigo ciki, tun da ruwa na taɓa hannu, fuska da ƙafa sau da dama a yini. A ajiye ɗan gwangwanin mai kusa da buta, a shafa bayan an idar. Wanda fatarsa ta tsage tana jini, malamanmu sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta ba shi, na wanke gaɓa sau ɗaya, da shafa a kan ɗauri, da taimama in ruwa zai cutar. Ya tambaye su kada ya ƙuntata wa kansa.

Maganin likita da abin da ya yi kama da shi

In ciwon ya tashi, mai kaɗai ba ya kashe wutar. A nan ake bukatar man da ke ɗauke da sinadarin kotizon. Waɗannan hawa-hawa ne: hidrokotizon mai kashi 1 cikin ɗari shi ne mai sauƙi, wanda ake ba jarirai da fuska, betametazon ya fi shi ƙarfi, kulobetazol kuwa shi ne ƙarshe. Ana shafawa a wurin da ya tashi kawai, sau ɗaya ko biyu a yini, yawanci mako ɗaya zuwa biyu, har wurin ya yi sumul. Ma'auninsa a yatsa yake: abin da aka matso daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko, kimanin rabin giram, ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Wanda ya bi wannan bisa umurnin likita babu abin tsoro. Tsoron magani har a bar yaro yana kwana yana susa shi ma cutarwa ne.

Haɗarin yana wajen da babu ma'auni. A kasuwannin Sudan akwai shagunan da ake yi wa laƙabi da gadar zurufak, wato gwargwadon halinka, inda ake haɗa mayukan sa hasken fata a sayar da cokali-cokali. A kasuwanninmu ma ga su nan, tare da mayuka masu haɗin magani uku da uwaye ke cakuɗawa da man jariri. Yawancinsu kotizon mai ƙarfi ne a ciki. Kwana uku ƙuraje sun ɓace, jariri ya yi haske, kowa ya yaba. Bayan watanni fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, makero ya bazu, fuskar jariri ta kumbura, girmansa ya tsaya, domin fatarsa na tsotse maganin ya shiga jini. A kewayen ido yana iya jawo hawan jinin ido ko yana. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Wanda ya daɗe yana shafa irin wannan kada ya yanke farat ɗaya, ya je likita ya sauke shi a hankali.

Haka nan muna roƙo a nisanci man birki, kananzir, ruwan batir, kanwa, toka da lemun tsami a kan fatar da ta tsage. Raɗaɗin da suke yi yana danne ƙaiƙayi na ɗan lokaci, sai a zaci magani ne, alhali ƙuna ce. Ga wanda ciwonsa ya gagari waɗannan matakai, likitocin fata na da wasu hanyoyi, kamar man takrolimus, da allurar dufilumab da aka amince da ita a Amurka a 2017, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Lalle, dilka da turare

Daga Sudan amarenmu suka koyi dilka, humra da zama kan hayaƙin itacen ɗalhu. Ga mai lafiyar fata ado ne. Ga mai egzema kuwa, dirza, zafi, hayaƙi da turare su ne abubuwa huɗu da fatarta ta fi ƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya: amaryar da ta san halin fatarta ta gwada kowane haɗi a ɗan wuri a cikin damtse na kwanaki, tun da sauran makonni, ta kuma bar wurin da ya tashi ya huta. Humra a sa ta a tufafi.

Baƙin lalle kuwa ba a gwada shi, barinsa ake yi. Lalle na gaskiya ja yake bayarwa, kuma sai ya daɗe a hannu. Wanda ke yin baƙi ƙirin cikin ɗan lokaci an haɗa shi da sinadarin rinin gashi, wanda mutanen Sudan ke kira sibga, matanmu su ce dayis. Yakan sa fata ta kumbura ta yi bororo daidai da zanen, wani lokaci sai bayan mako guda ko biyu, kuma jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi har abada, har rinin gashi ma ba zai ƙara ɗauka ba. Asibitocin Khartum da Wad Madani sun daɗe da sanin wannan sinadari ta wata fuska mafi muni: wanda ya haɗiye shi maƙogwaronsa kan kumbura, ƙodarsa ta tsaya. Kada a zana wa yara shi, kada a ajiye shi inda hannunsu zai kai.

Batun abinci

Da yawa in an ga ƙuraje sai a hana yaro ƙwai, madara, kifi da gyaɗa gaba ɗaya. A gidan da gyaɗa da nono su ne ginshiƙin gina jiki, a Jazira mai dakwa ko a Maraɗi mai ƙuli-ƙuli, wannan hani hanyar tamowa ce. Yawancin masu egzema ba abinci ke tayar musu da ita ba. Binciken da aka yi a Landan aka wallafa a 2015 ya ma nuna cewa jarirai masu egzema da aka fara ba su gyaɗa da wuri sun fi tsira daga borin gyaɗa fiye da waɗanda aka hana. Abin da ake tsoro shi ne abincin da, cikin mintuna ko awa biyu da cinsa, leɓe ya kumbura, borin jini ya fito, ko amai da sarƙewar numfashi su biyo. Wannan a daina shi a garzaya asibiti. Jariri mai egzema mai tsanani kuwa, a nemi shawarar likita kafin a fara ba shi kunun gyaɗa, kuma ba a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa don gudun shaƙewa.

Alamomin da ba a kwana da su

A kai yaro asibiti a ranar in wurin ya fara tsatsar da ruwa yana yin ɓawo mai launin zuma, ko ya yi mugunya, zafi da kumburi. In zazzaɓi ya shigo. In ƙananan ƙuraje masu ruwa, masu kama da juna, suka fito a tare suna fashewa suna barin ramuka masu ciwo, musamman kusa da ido, domin wannan ƙwayar cutar zazzaɓin leɓe ce ta shiga, kuma tana iya kisa. In fitsari ya yi duhu ko fuska ta kumbura bayan gyambon fata, domin ƙoda ce ke kuka. Ko in jariri ya daina ƙara nauyi.

Daga ƙarshe muna da magana da sauran ƴan gida. Yaron da bai yi barci ba zai yi gyangyaɗi a makaranta, zai yi fushi ba dalili, kuma yana jin duk abin da ake faɗa a kan jikinsa. Malam ya sani, kada a ware masa tabarma. Maigida ya karɓi shafa man dare wani lokaci, ya kuma sa kuɗin basilin cikin cefane kamar gishiri. Kaka ta sassauta harshe ga surukarta. Duk mai tallan da ya ce zai raba yaro da egzema cikin kwana uku, ko dai kotizon ya ɓoye a kwalbarsa, ko kuwa ba egzema ba ce tun farko. Abin da ke aiki shi ne wanda ƴan'uwanmu na Jazira suka sani a gonakinsu: a shayar kafin ƙasa ta dare, a kuma dawo a kan lokaci.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa iyaye masu jinya da alheri, Ya kuma zaunar da ƙasar Sudan lafiya, Ya mayar da kowa gidansa.